'Yata ta fara ƙirgar dangi tana shekara 8: amsar ungozoma

"Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Garwa. 'Yata ta fari shekararta 8 da wata 7, tana aji CE2, wato aji huɗu na firamare. Wata biyu ke nan da na lura ƙirjinta ya fara tasowa ta ɓangaren hagu, tana cewa yana mata zafi, hamatarta kuma ta fara wari. Ni kaina sai da na kai shekara 14 na fara al'ada. Kakarta ta wajen uba ta ce a riƙa ɗaure mata ƙirji da zane da daddare don ya koma, wata goggonta kuma ta ce ai ta girma, a fara tunanin cire ta daga boko. Shin wannan ciwo ne? Yaushe al'ada za ta zo mata, kuma ta yaya zan yi mata bayani alhali ina jin nauyinta?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka. Idan na fahimce ki, kina son ki san ko abin da kika gani lafiya ne ko cuta, da tsawon lokacin da ya rage kafin ta ga jini, sannan da yadda za ki yi da shawarar manya da kuma kunyar da ke tsakaninki da 'yarki. Ni ungozoma ce da ta daɗe tana aiki a cibiyoyin lafiya na arewacin Kamaru, kuma ban ga yarinyar da idona ba, saboda haka maganata ba za ta maye gurbin duba ta a asibiti ba. Amma bisa ga abin da kika bayyana, alamu sun nuna balaga ce da ta zo a farkon lokacinta, kuma kina da sauran lokaci mai yawa na shirya ta.

Abin da ke faruwa a jikinta

Umarnin balaga daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Idan lokaci ya yi, wani sashe nata yakan fara sakin sinadarin da ke tada ma'ajiyar ƙwai da ke cikin mara, ita kuma ta fara samar da sinadarin mata da likitoci ke kira estrojin, wanda shi ne ke tayar da nono, ya ƙara tsawo, ya kuma shirya mahaifa. A wurin yawancin 'yan mata wannan yana farawa ne tsakanin shekara 8 zuwa 13. Likitoci biyu a Ingila, Marshall da Tanner, sun kasa wannan girma zuwa matakai 5 a shekarar 1969, kuma har yau da ma'auninsu ake aiki a asibitoci. 'Yarki tana mataki na biyu, wato ƙirgar dangi: ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin kan nono, wanda sau da yawa yakan fara ta gefe ɗaya, ya yi zafi idan riga ta goge shi, ɗayan kuma ya biyo baya bayan wasu watanni. Kada a matsa shi, kada a gasa shi, kuma kada a bari wanzami ko wani ya tsaga shi da zaton maruru ne, domin daga wannan ɗan ƙullutun nonon gaba ɗaya zai ginu, kuma idan aka lalata shi ba ya dawowa. Warin hamata kuwa daga wasu ƙananan sassa da ke saman ƙoda yake samo asali, sabulu da canza riga kullum sun ishe shi.

Tsakanin ƙirgar dangi da jinin farko akan samu kimanin shekara 2 zuwa 2 da rabi. Idan abin ya tafi a kan tsarinsa, ki sa ran al'adarta tsakanin shekara 10 da rabi zuwa 11. Kafin nan za ki ga tsawo ya zo mata da sauri har takalma da riguna su riƙa yi mata kaɗan, gashi ya fito a mara da hamata, sannan wata 6 zuwa shekara guda kafin jinin za ta fara ganin farin ruwa marar wari a kamfanta. Wannan farin ruwan shi ne alamar da na fi so iyaye mata su riƙe, domin idan ya bayyana to lokacin jinkirta magana ya ƙare.

Game da dalilin da ya sa ta riga ki, gado yana da hannu, kuma ba ta wajen uwa kaɗai yake zuwa ba, don haka ki tambayi goggonninta shekarun da suka fara. Abinci da nauyin jiki ma suna da tasiri sosai: yarinyar da ke da ƙiba takan balaga da wuri, wadda ta sha fama da yunwa ko yawan rashin lafiya kuma takan makara, shi ya sa 'yar birni ta yau take yawan riga uwarta da ta tashi a ƙauye. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1997, a kan 'yan mata fiye da 17,000, ya nuna cewa baƙaƙen fata kan fara ƙirgar dangi kafin farare. Akwai kuma abin da ke shigowa daga waje, ko da yake ba kasafai yake zama sanadi ba: ƙwayoyin tsarin iyali da aka ajiye inda yara ke kaiwa, da mayukan gyaran nono da ake sayarwa a kasuwa ba tare da an san abin da ke cikinsu ba. Idan akwai irinsu a ɗakinki, ki ɗauke su, kuma kada yarinya ta shafa man manya.

Inda likita ke shigowa

Ma'aunin da likitocin yara ke bi shi ne shekara 8. Yarinyar da nononta ya fara tasowa kafin ta cika 8, ana ɗaukar balagarta a matsayin wadda ta yi gaggawa, kuma wajibi ne a bincika. Ke kin lura da na 'yarki tana da shekara 8 da wata 5, kuma mai yiwuwa ya ɗan riga ganinki, saboda haka tana kusa da iyakar. Shawarata ita ce ki kai ta wurin likitan yara a babban asibitin yanki ko da sau ɗaya, ki tafi da takardar haihuwarta da katin riga-kafinta don a tabbatar da shekarunta, a auna tsawonta da nauyinta a rubuta, sannan a sake aunawa bayan wata 4 zuwa 6. Saurin tafiyar abin ya fi ranar farawarsa muhimmanci. Idan nono ya cika cikin 'yan watanni, ko jini ya zo kafin shekara guda da fara ƙirgar dangi, ko ya zo kafin ta kai shekara 10, ki koma ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba. Haka nan idan tana yawan ciwon kai da amai da safe, ko ganinta ya canza, ko ta taɓa yin sanƙarau ko mummunan buguwa a kai, ko kuma wuyanta ya kumbura da maƙoƙo tana kasala ba ta ƙara tsawo, ki faɗa wa likita tun a zuwan farko.

Binciken da aka saba yi shi ne hoton ƙashin hannun hagu, wanda ke nuna ko ƙasusuwanta sun girme wa shekarunta, da hoton mara na ekografi, wato na'urar duba cikin ciki, wani lokaci da gwajin jini. A mafi yawan 'yan mata ba a samun wata cuta a bayan abin. Akwai allura da ake yi duk wata ko duk wata 3 mai dakatar da balaga na ɗan lokaci, ana yin ta ne musamman ga ƙananan yara da abin ya zo musu tun suna 6 ko 7, don kada ƙashinsu ya rufe da wuri su tsaya gajeru. Tana da tsada, ƙwararrun wannan fanni kuma sun fi yawa a Yawunde da Duwala, kuma ba kasafai ake ba wa mai shekara 8 da rabi da abinta ke tafiya a hankali ba. Wannan hukunci na likita ne, ya wuce hurumin ungozoma.

Akwai wani abu da ya shafi yankinmu da ba zan tsallake ba. Ba kowane jini da aka gani a kamfan yarinya ne haila ba. An taɓa kawo mini yarinya 'yar shekara 9 daga wani ƙauye na bakin tafkin Lagdo, uwarta ta riga ta yanka mata ƙunzugu, dangi har sun fara maganar ta zama mace, alhali ƙirjinta a shafe yake. Da na tambaye ta a hankali, sai ta ce jinin yana fitowa ne a ƙarshen fitsari, kuma kullum a ruwa suke wanki da wasa. Tsargiya ce, gwajin fitsari ya tabbatar, maganin praziquantel ya warkar da ita. Duk wanda ke zaune kusa da kogin Binuwai, ko tafkin Lagdo, ko na Maga, ko kogin Logon ya kamata ya san wannan. Jini ba tare da nono ya taso ba yana iya kasancewa daga rauni, ko wani abu da yarinya ta cusa, ko zazzagowar bakin mafitsara, ko kuma, Allah ya kiyaye, wani ya ci zarafinta. Irin wannan jini asibiti ake kai shi a ranar, kuma a tambayi yarinya cikin lallashi, ba da tsawa ba.

Ɗaure ƙirji da maganar makaranta

Na san kakarta ba mugunta take nufi ba, tsoron idon maza ne ya sa ta faɗi haka, kuma tsoron yana da tushe. Amma ɗaure ƙirji ba ya mayar da nono, tun da umarnin daga ƙwaƙwalwa yake zuwa. Abin da yake haifarwa shi ne zafi, da ƙuraje a wannan zafin namu, da takurewar numfashi cikin barci, sannan yarinya ta tashi tana ganin jikinta abin laifi ne. Danne nono da dutse ko muciya mai zafi, wanda ya fi yawa a kudancin ƙasar nan, ya fi wannan muni, domin yana ƙona fata, yana tara mugunya, yana kuma iya lalata nonon har abada. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta sanya hana wata gaɓa ta jiki girma cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. Ba ina cewa ki je ki karanta wa surukarki doka ba. Ki sa mahaifin yarinyar ya yi mata magana, ko ki roƙe ta ta raka ku asibiti ta ji daga bakin likita, domin abin da ba za ta karɓa daga suruka ba takan karɓe shi daga mai farar riga. Abin da yarinya ke buƙata shimi ce ta auduga mai ɗan kauri a ƙarƙashin rigar makaranta, wadda za ta rage gugar da ke sa ta zafi, ta kuma suturta ta.

Maganar goggonta ce ta fi tayar mini da hankali. Yarinya mai shekara 8 yarinya ce, ko da ƙirjinta ya taso, ko da ta ga jini. Hankalinta na shekarunta ne, wasanta na shekarunta ne, kuma ƙugunta yana ci gaba da buɗewa shekaru da dama bayan jinin farko. Mu da muke ɗakin haihuwa mun san abin da ke faruwa idan ƙaramar yarinya ta ɗauki ciki: doguwar naƙuda, jijjiga, jariri ya mutu a ciki, ita kuma a bar ta da yoyon fitsari. Dokar nan ta 2016 ta tanadi hukunci ga wanda ya aurar da wadda ba ta kai 18 ba, Chadi ma ta kafa irin wannan iyaka tun 2015. Ki tsaya tsayin daka a kan karatunta, ki kuma jawo mahaifinta ya tsaya tare da ke tun kafin maganar ta yi ƙarfi a cikin dangi. Kariyar da take buƙata ta wata hanya ce: a daina aikenta da daddare ko ɗakin samari, a san wanda ke kai ta makaranta da wanda ke dawo da ita, a kuma gaya mata ƙarara cewa babu wanda ke da izinin taɓa ƙirjinta ko gabanta, ko malami ne ko ɗan'uwa, kuma idan wani ya gwada ta faɗa miki ba za ki doke ta ba.

Yadda za ki buɗe maganar

Kunyar 'yar fari al'adarmu ce, ba zan ce ki yar da ita ba. A da, goggo ko kaka ko yayar uwa ke ɗaukar wannan nauyi, kuma tsarin yana aiki matuƙar akwai wadda aka ɗora wa shi da suna. Matsalar yau ita ce uwa tana zaton malamar makaranta za ta faɗa, malama tana zaton an faɗa a gida, yarinya kuma ta ji daga ƙawaye. Na ga yarinyar da ta yi wata uku tana tura tsummokaran da ta ɓata ƙarƙashin katifa, ta daina cin abinci, domin abin da aka taɓa gaya mata kawai shi ne mace ba ta zubar da jini sai namiji ya taɓa ta. Tana tsoron a ce ta yi abin kunya, alhali ko ƙofar gida ba ta cika fita ba. Idan har ba za ki iya ba, ki zaɓi mace guda mai hankali da riƙon sirri, ki zauna da ita ku daidaita abin da za a faɗa. Ni dai na fi son ki yi da kanki, domin wadda ta yi mata bayanin farko ita za ta nema ranar da wani abu ya dame ta.

Lokacin kitso ya fi kowane lokaci sauƙi, tun da tana zaune a gabanki ba ku haɗa ido. Ba sai kin faɗi komai a zama ɗaya ba. Yau ki ce mata: "Wannan abin da ke miki zafi a ƙirji ba ciwo ba ne, girma ne, ni ma haka na yi." Wani makon ki ƙara: "Nan gaba, wata rana za ki ga ɗan jini a kamfanki. Kowace mace tana ganinsa duk wata, ba rauni ba ne, ba laifi kika yi ba. Ko a ina ya same ki, ki zo ki faɗa mini." Ki gaya mata cewa na farko yakan zo kaɗan, sau da yawa launin ƙasa-ƙasa maimakon ja, domin yara da yawa sukan zaci kashi ne ya ɓata musu wando su ɓoye. Ki guji maganar nan da aka saba, cewa daga yau ko hannunki namiji ya riƙe za ki yi ciki. Ƙarya ce, kuma ranar da ta gano haka za ta daina yarda da sauran abin da kika gaya mata.

Idan farin ruwan nan ya fara, ki buɗe audugar mata a gabanta, ki nuna mata yadda ake manna ta a kamfai da yadda ake naɗe ta bayan an cire, ki bar ta ta gwada da hannunta. Ki sa mata guda biyu da kamfai ɗaya a ƙaramar jaka cikin jakar makaranta, ki kuma sanar da malama mace guda da za ta iya zuwa wurinta, domin makarantunmu da yawa ba su da ban-ɗaki mai ƙofa da ruwa, wannan kuma yana cikin abin da ke sa 'yan mata fashin aji. Idan kuɗin auduga ya yi nauyi, ƙunzugu ba abin raini ba ne, da sharaɗin ya zama na auduga mai laushi, nata ita kaɗai, a wanke shi da sabulu, a shanya shi a rana ya bushe sarai. Shanya shi a ɓoye a bayan gado shi ke kawo ƙaiƙayi da wari, kuma idan kunya ce, ana iya rufa masa wani siririn zane a kan igiya. Ko auduga ko ƙunzugu, a canza duk awa 4 zuwa 6, a zafin Maris da Afrilu ma fiye da haka. Wankin gaba da ruwa ne ta waje kawai, daga gaba zuwa baya, ba a cusa sabulu ko turare ko wani haɗi.

Ranar da ya zo da abin da ke biyo baya

Za ta dubi fuskarki kafin ta saurari maganarki, don haka ki natsu, ki sa mata albarka, ki taimaka mata ta gyara jikinta. Kada ki yi shela a gida. Mahaifinta ya sani ta bakinki, ya kuma ci gaba da jan ta a jiki da wasa da ita kamar yadda ya saba, domin yara mata suna jin ciwon ranar da uba ya ja da baya ba tare da sun san dalili ba.

A shekara ta farko da ta biyu al'ada ba ta cika zuwa a kan tsari ba, tana iya tsallake wata, kuma wannan ba ɓatan wata ba ne da za a tsare yarinya da tambaya. Tazarar kwana 21 zuwa 45 daidai ce a wannan shekarun, jinin kuma ba ya wuce kwana 7. Ku riƙa sa alama a kalanda tare. A kai ta asibiti idan ya wuce mako guda, ko tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ta yi wata 3 ba ta gani ba, ko tana jiri da haki, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Ciwon mara yakan lafa da tsumma mai ɗumi da farasitamol, idan ya ƙi a ba ta ibuprofen bayan ta ci abinci, gwargwadon nauyinta kamar yadda ma'aikacin lafiya ya ƙayyade. Kada a ba yarinya asfirin, yana ƙara zubar jini. Ciwon da ke hana ta zuwa makaranta duk wata ba abin a ce ta yi haƙuri ba ne, a duba ta. Sannan ki kula da jininta, domin yaranmu da yawa zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki sun riga sun rage musu shi kafin haila ta zo ta ƙara: hanta, kifi, wake, zogale da alayyafo su yawaita a kwanonta, shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Ta fuskar addini, ki fara mata da abin da zai kwantar mata da rai. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da Nana A'isha tana kuka saboda haila ta zo mata a hanyar aikin Hajji, sai ya ce mata wannan abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adam mata. Mai haila tana dafa abinci, tana cin kwano ɗaya da kowa, tana wanka, tana zikiri da addu'a. Ki koya mata wankan tsarki a aikace tun kafin ta buƙace shi, da yadda ake gane ɗaukewar jini, da cewa ana rama azumi amma ba a rama salla. Ƙididdigar kwanaki da hukuncin jinin da ya zarce, musamman a farkon nan da yake rikicewa, ki kai su ga malamarta ta Islamiyya, ita ta fi ni sanin su. Idan kuma Ramadan ya same ta tana cikin kwanakinta, kada kunya ta sa ta wuni da yunwa tana nuna wa mutane tana azumi, kamar yadda 'yan mata da yawa ke yi. Ki ajiye mata abincinta da ruwanta a ɗakinki, ki tsawata wa duk yaron da ya tambaye ta dalilin da ba ta bi jam'i ba, kwanakin da ta sha kuma ku rubuta su a kalandar nan don ta rama bayan salla.